Ido Kafin Hannu: Yadda Ake Gano Matsalar Linux Tun Kafin a Taɓa Ta

Idan kwamfutar da ke aiki da Linux, wato tsarin da ke tafiyar da ita, ta yi gardama, yawancin mutane ɗayan abubuwa uku suke yi. Wani ya kashe ta ya sake kunnawa. Wani ya kwafi saƙon da ya fito a allo ya liƙa a injin bincike, ya ɗauki umarnin farko da ya gani ya zuba a taminal, wato tagar rubuta umarni, har ya sa `sudo`, mai ba umarni cikakken iko, a gabansa don kada na'urar ta yi masa musu. Na uku kuwa, da ya ga abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai ya share komai ya ɗora tsarin daga farko. Kowannensu yakan yi nasara wani lokaci, kuma a nan haɗarin yake, domin na'ura ta tashi amma mai ita bai san abin da ya kwantar da ita ba. Bayan 'yan kwanaki matsalar ta dawo, ta tarar da ƙarin canje-canjen da shi kansa ba zai iya tuna su ba.

Abin da nake son nunawa shi ne, a cikin duk manyan tsarukan da ke tafiyar da kwamfuta, Linux yana cikin waɗanda suka fi faɗin abin da ke damunsu ƙarara. Ya rubuta, ya ajiye, ya sa kwanan wata da lokaci har zuwa daƙiƙa. Mafi yawan ɓarnar da ake yi wajen gyara tana zuwa ne daga hannun da ya riga ido isa wurin.

Wannan hali gado ne. Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a Bell Labs a 1969, ya zo da ɗabi'ar ajiye saituna a cikin fayilolin rubutu da kowa zai iya buɗewa ya karanta, da kuma ƙananan manhajoji da kowacce ke yin aiki ɗaya. Richard Stallman ya ƙaddamar da shirin GNU a 1983 don samar da irin waɗannan kayan aiki cikin 'yanci, sannan a 1991 Linus Torvalds, yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, ya fitar da kenel ɗinsa, wato zuciyar da ke magana da ƙarfen na'ura kai tsaye. Har yau saituna suna cikin `/etc`, rahotanni suna cikin `/var/log`, kuma ko halin da kenel yake ciki a wannan daƙiƙa ana iya karanta shi a `/proc` kamar fayil. Tun Nuwamban 2017 duk manyan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya da Linux suke aiki, kuma wanda ke kula da su da wanda ke kula da tsohuwar laftof a ɗakinsa wurare ɗaya suke dubawa idan abu ya ɓaci.

Sai dai abin da muke kira Linux ba abu ɗaya ba ne, hawa-hawa ne. Akwai kenel a ƙasa, akwai systemd da ke tayar da hidimomi, wato manhajojin da ke aiki a bayan fage, yana lura da su, akwai manajan ƙunshi da ke saka manhajoji da cire su, akwai tebur mai hotuna a sama. Masu haɗa waɗannan su raba wa jama'a kuma sun bambanta: Debian tun 1993, Arch tun 2002, Fedora tun 2003, Ubuntu tun 2004, kowanne da tsarinsa. Wannan ne dalilin da shawarar intanet take da ranar lalacewa. Systemd ya fito a 2010, amma sai a 2015 Debian 8 da Ubuntu 15.04 suka mayar da shi na dindindin, saboda haka amsar da aka rubuta kafin nan kan yadda ake tayar da hidima tana iya magana kan tsarin da babu shi a na'urarka. Haka `ifconfig` da mutane suka saba da shi, yanzu da yawan tsaruka ba sa zuwa da shi, `ip` ya maye gurbinsa, kuma katin sadarwa da a da ake kira `eth0` yana iya zama `enp3s0`. Mai amsar bai yi ƙarya ba. Na'urarsa da taka ne ba ɗaya ba, kuma shekararsa da taka ba ɗaya ba.

Saboda haka tambayar farko ita ce: me ya canza? Ruwa ba ya tsami banza. Na'urar da ta yi wata shida tana aiki lafiya ba ta daina haka kawai. Ko an sabunta wani abu, ko an gyara wani fayil, ko wani wuri ya cika, ko wata takardar shaida ta tsaron sadarwa ta ƙare, ko ƙarfe ya fara mutuwa. A Debian da Ubuntu, fayil ɗin `/var/log/apt/history.log` yana ɗauke da jerin duk abin da aka saka ko aka cire ko aka sabunta, da lokacinsa. A Fedora `dnf history` yana yin wannan aikin. Sau da yawa dubawa ɗaya a nan takan rage zato daga ɗari zuwa biyu.

Daga nan sai kundin rahoto. `systemctl --failed` zai nuna hidimomin da suka faɗi, `systemctl status` tare da sunan hidima zai nuna layukanta na ƙarshe, `journalctl -b -p err` kuma zai tace kurakurai kaɗai tun daga tashin na'ura na yanzu. Idan na'urar daskarewa ta yi har aka kashe ta da ƙarfi, abin da ake nema yana cikin tashin da ya gabata, kuma `journalctl -b -1` ne ke kai mutum can, matuƙar an saita kundin ya riƙa zama a faifai. A nan akwai kuskuren karatu da nake ganin ya fi kowanne yawa: mutane suna kama layin ƙarshe. Layin ƙarshe yawanci sakamako ne kawai, yana cewa hidima ta kasa tashi. Dalilin yana sama, wani lokaci layi ashirin sama, inda aka fara cewa an nemi wani fayil ba a same shi ba, ko an nemi wata ƙofa an tarar wani ya riga ya kama ta. Kuskuren farko ake nema, sauran 'ya'yansa ne. Likitan da ya san aikinsa ba ya tsayawa kan zazzaɓi, domin ya san cututtuka da yawa da shi suke sallama.

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar cikar faifai, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Faifan da ya cika ba kasafai yake zuwa da sunansa ba. Mutum zai rubuta kalmar sirrinsa daidai, allo ya yi baƙi, ya sake dawo da shi wurin shiga, sai ya ɗauka kalmar sirrin ce ta lalace, alhali tebur ne ya kasa rubuta ɗan fayil ɗin da yake buƙata. Rumbun bayanai zai ƙi tashi. Sabuntawa za ta tsaya a tsakiya. Fayil ɗin saiti da aka gyara aka adana zai iya komawa fanko. Duk wanda ya fara da `df -h`, mai nuna sararin da ya rage a faifai, ya huta da awa biyu na zargin abin da ba shi da laifi.

Amma `df -h` ma yana da inda yake tsayawa. Wani lokaci zai ce akwai sarari mai yawa, na'ura kuma ta dage da cewa "No space left on device". Dalili shi ne kowane fayil yana cin abu biyu: sararin da abin cikinsa ya ɗauka, da kuma wani ɗan rikodi da ake kira inode wanda ke riƙe da bayanin mai shi da izininsa da inda yake kwance. A tsarin fayil na ext4, adadin waɗannan rikodi tun ranar da aka tsara faifan ake yanke shi. Manhajar da ke zubar da miliyoyin ƙananan fayiloli, irin na zaman masu shiga shafin intanet ko saƙonnin da suka maƙale a layi, tana iya cinye su duka faifan bai kai rabi ba. `df -i` ne kaɗai zai tona wannan.

Akwai kuma juyinsa, wanda ya fi rikita sababbin masu kula da saba, wato kwamfutar da ke yi wa wasu hidima ta hanyar sadarwa. `df` ya ce faifai ya cika, `du` ya ƙirga fayiloli duka ya ce bai ga abin da ya cika shi ba. Abin da yakan faru shi ne wani ya ga ƙaton fayil ɗin rahoto ya goge shi da `rm`, alhali manhajar da ke rubutu a cikinsa tana nan tana aiki. A Linux, goge fayil cire sunansa ne daga folda. Sararin ba ya dawowa sai manhaja ta ƙarshe da ta buɗe shi ta sake shi. Fayil ɗin yana nan, ba shi da suna, yana ci gaba da girma. `lsof +L1` zai nuna shi tare da manhajar da ke riƙe da shi, kuma sake tayar da wannan hidima ɗaya ya isa. Wanda ya kashe na'urar gaba ɗaya ya kunna shi ma zai ga sarari ya dawo, amma bai koyi cewa `logrotate`, mai rage tsofaffin fayilolin rahoto, ne bai saitu ba, don haka faifan zai sake cika. Ƙari a kan haka, ext4 yana keɓe kashi 5 cikin ɗari na faifai ga root, wato asusun mai cikakken iko, tun asali, domin ko masu amfani sun cika nasu, mai kula ya sami wurin shiga ya yi gyara. A faifan da tsarin yake zaune wannan hikima ce. A faifan terabait ɗaya da ajiya kawai ake yi a kansa, kusan gigabait 50 ne a kulle, kuma `tune2fs` na iya rage shi.

Izini shi ne wuri na biyu da gaggawa ke yin ɓarna. Tsarin mai sauƙi ne: karatu 4, rubutu 2, gudanarwa 1, a haɗa su ga mai fayil, da rukuninsa, da sauran jama'a. Shi ya sa 644 ke nufin mai shi ya karanta ya rubuta, saura su karanta kawai. Da "Permission denied" ya fito, amsar da ta fi yawo ita ce `chmod 777`, wato a buɗe wa kowa komai. Ban san wata shawara da ta fi wannan cutar da sababbin shiga ba. Tana ɓoye tambayar da ya kamata a yi, wato wane mai amfani ne ke neman wane fayil, kuma me ya sa aka hana shi. Sau da yawa ma fayil ɗin ba shi da laifi, wata folda ce a kan hanya ta rasa izinin wucewa, domin a kan folda alamar `x` izinin ratsawa ce. `namei -l` tare da cikakkiyar hanyar fayil zai jera izinin kowane mataki, a ga inda aka tare. Kuma akwai manhajojin da sakin izini ke sa su ƙi aiki da gangan. SSH, manhajar shiga na'ura daga nesa, ba zai karɓi mabuɗin sirri da wasu ke iya karantawa ba, sai an mayar da shi 600. `sudo` ba zai yi aiki ba idan kowa na iya rubutu a fayil ɗin dokokinsa. Wanda ya zuba 777 a kan tsarin duka, garin neman gira ya rasa ido, domin ya lalata abin da zai yi gyaran da shi.

A Fedora da Red Hat da danginsu akwai wani hawa na tsaro, SELinux, wanda ke iya hana abu ko da izinin gargajiya ya yarda. Misalin da ya fi faruwa: an rubuta shafi a folda ta gida, an ɗauke shi da `mv` zuwa inda sabar intanet ke karantawa, sai sabar ta ƙi nuna shi. Fayil ɗin ya tafi da tambarinsa na gida, da `cp` aka yi da ya ɗauki tambarin sabon wurin. `restorecon` yana gyara wannan cikin daƙiƙa ɗaya. Kashe SELinux na ɗan lokaci don a tabbatar ko shi ne, wannan bincike ne mai kyau. Barin sa a kashe har abada kuwa jefar da katanga ce saboda ƙofa ɗaya ta yi tauri.

Maganar RAM, ƙwaƙwalwar aiki ta na'ura, gajeriya ce. Linux yana amfani da duk wanda ba a buƙata don ajiye kwafin abin da aka karanta daga faifai, kuma yana sakin sa da zarar wata manhaja ta nema. Don haka a `free -h` layin da ke nuna abin da ake iya samu ne abin dubawa, ba wanda ke nuna abin da yake fanko ba. Idan RAM ya ƙare da gaske, kenel yakan zaɓi wata manhaja ya kashe ta, kuma manhajar ba ta samun damar rubuta komai a nata rahoton. Sai a `journalctl -k` za a ga "Out of memory". Haka lambobi uku na nauyin aiki da `uptime` ke nunawa, na minti 1 da 5 da 15, ba su da ma'ana sai an gwada su da adadin ƙwayoyin sarrafawa, kuma a Linux suna ƙirga har da manhajojin da ke jiran faifai. Nauyi na iya hawa sama na'urar sarrafawa tana zaune, saboda faifai ne ke jan ƙafa.

Sadarwa kuma tsani ce, daga ƙasa ake hawa. `ip a` ya nuna ko katin yana da adireshi, `ip route` ya nuna ko akwai hanyar fita. Idan `ping` zuwa adireshin lamba ya je amma zuwa suna ya ƙi, intanet lafiya take, DNS ne mai fassara suna zuwa lamba ya sami matsala. Idan hidima tana aiki amma daga waje ba a isa gare ta, `ss -tlnp` zai nuna ko a 127.0.0.1 kaɗai take saurare, wato ita da na'urarta kawai. Ko yanayin ƙin amsawa ma bayani ne: "Connection refused" yana nufin an isa na'urar amma babu mai saurare a ƙofar, yayin da jira har lokaci ya ƙare ya fi nuna katangar tsaro ko ɓatan hanya. Sannan a duba agogo. Na'urar da kwanan watanta ya kauce za ta ƙi amincewa da takardun shaida masu kyau, mutum ya yi ta zargin shafukan duniya duka.

Inda nake ganin masu kula da na'urori ke da hujja ta gaske wajen tsoro shi ne sabuntawa. Duk wanda ya taɓa ganin sabon kenel ya zo, direban katin hoto bai ginu a kansa ba, allo ya tashi baƙi, zai fahimci mai cewa abin da ke aiki a bar shi. Amma barin ma yana da farashi. A Afrilun 2014 aka bayyana Heartbleed a manhajar tsaron sadarwa ta OpenSSL, ramin da ke barin baƙo ya karanci abin da ke cikin ƙwaƙwalwar saba. A Satumban shekarar aka gano Shellshock a bash mai karɓar umarni a taminal, ramin da ya shafe fiye da shekara ashirin a cikinsa. A Janairun 2021 aka sami wani a `sudo` kansa, wanda ya kwana tun 2011, yana ba ƙaramin mai amfani ikon root. A duk ukun gyara ya fito da wuri, waɗanda suka daɗe cikin haɗari su ne masu na'urorin da ba a sabuntawa.

Mafita tana cikin rarrabe sabuntawa iri biyu. Gyaran tsaro a tsari mai tsayayyen zubi, irin Debian ko Ubuntu mai dogon tallafi, yawanci ɗan faci ne a kan zubin da kake da shi, ba sabon zubi ba, kuma a ganina ya kamata a bar `unattended-upgrades` ya riƙa saka shi da kansa. Tsallakawa daga babban zubi zuwa wani kuwa aiki ne da ake ware wa lokaci, a karanta bayanin fitarwa, a yi kwafin ajiya tukuna. Ubuntu yana fitar da mai dogon tallafi duk bayan shekara biyu a watan Afrilu, da tallafin shekara biyar, kuma lambarsa ma kwanan wata ce, 24.04 na nufin Afrilun 2024. Sanin ranar ƙarewar tallafi wani ɓangare ne na aikin. Masu CentOS 8, wani dangin Red Hat, sun ga haka lokacin da aka dawo da ƙarshensa zuwa Disambar 2021, CentOS 7 kuma ya ƙare a Yunin 2024, kuma na'urar da ke kansu har yanzu tana aiki kamar kullum, sai dai babu mai toshe mata rami.

Mafi yawan abin da ake kira lalacewar manajan ƙunshi ma daga hannun mai na'ura yake. An haɗa rumbun manhajoji na wani zubi da na wani, ko an ƙara rumbun wani mutum don samun manhaja ɗaya, ta jawo sababbin sassan da manhajoji ke dogara da su waɗanda sauran tsarin bai san su ba. A Arch, sabunta wani ɓangare a bar wani abu ne da masu tsarin suka ce ba sa goyon baya. Kuma idan `apt`, manajan ƙunshin Debian da Ubuntu, ya ce ya kasa samun makulli, mafi yawan lokaci wata sabuntawa ce ke gudana a bayan fage. Jira na 'yan mintuna ya isa. Goge fayil ɗin makullin ana tsakiyar rubutu shi ne ke haifar da ainihin lalacewar da ake tsoro.

Duk wannan bincike ne. Idan lokacin taɓawa ya zo, abu ɗaya ake canzawa a lokaci ɗaya, kuma ana barin hanyar komawa. Kafin gyara fayil a `/etc` a yi kwafinsa. Manhajoji da dama suna da hanyar duba saiti kafin a aiwatar: `sshd -t`, `nginx -t`, da `visudo` wanda ba zai bari a adana dokokin `sudo` masu kuskure ba. Mai gyara SSH ko katangar tsaro a sabar da ke nesa ya bar zamansa na farko a buɗe, ya gwada shiga da na biyu, domin in ya kulle kansa a waje babu allon da zai je ya zauna a gabansa. Layi ɗaya mara kyau a `/etc/fstab`, jerin faifan da na'ura ke haɗawa idan ta tashi, na iya tsayar da na'ura a yanayin gaggawa, don haka ana gwada shi da `mount -a` kafin a kashe, ana kiran faifai da lambarsa ta UUID tunda sunaye irin `sdb` na iya sauyawa, ana kuma sa `nofail` ga faifan da ba dole ba ne. GRUB, manhajar da ke tayar da tsarin, yana ajiye tsohon kenel a jerinsa domin irin ranar da sabon ya ƙi, kuma wanda ya share tsofaffin duka don neman sarari a `/boot` ya cire wa kansa wannan tsani.

Hanyar komawa mafi girma ita ce kwafin ajiya, kuma labarin GitLab, kamfanin da ke ajiye wa masu rubuta manhaja aikinsu, na 31 ga Janairun 2017 ya isa darasi. Wani injiniyansu, yana gyaran kwafin rumbun bayanai da dare, ya goge folda a kan babbar sabar yana zaton yana kan ta biyu. Kusan gigabait 300 suka tafi. Da aka juya ga hanyoyin ajiya guda biyar da kamfanin ke da su, sai aka tarar babu wadda za a dogara da ita yadda aka zata. Ɗaya daga cikinsu ta daɗe tana faɗuwa saboda saɓanin zubin PostgreSQL, manhajar rumbun bayanan, saƙonnin gargaɗinta kuma ba sa isa ga kowa. Wani hoton rumbun da aka ɗauka kimanin awa shida kafin nan ne ya cece su, bayanan awannin nan shida kuwa sun tafi. Ƙwararru ne, kuma sun bayyana komai a fili, abin da ya cancanci yabo. Abin da ya rage gare mu shi ne kwafin da ba a taɓa gwada dawo da shi ba zato ne kawai.

Za a iya cewa wannan duka ya yi wa mai amfani na yau da kullum yawa, wanda burinsa kawai firinta ta yi aiki. Akwai gaskiya a ciki, kuma ban ga laifin wanda ya nemi taimako ba. Amma ko neman taimakon ya dogara ne da karatu. Wanda ya ce "intanet ta ƙi" zai sami zato goma. Wanda ya faɗi sunan tsarinsa da zubinsa, ya kawo saƙon kuskure harafi da harafi, ya faɗi abin da ya canza na ƙarshe da abin da ya riga ya gwada, sau da yawa amsa ɗaya ta ishe shi, wani lokaci ma yana cikin rubuta tambayar zai ga amsar da kansa. Haka umarnin da aka ba shi, ko daga mutum ko daga manhajar ƙirƙirarriyar basira, minti ɗaya a `man`, littafin jagorar umarni, zai gaya masa abin da kowane harafi zai yi, musamman idan akwai `rm` ko `dd` ko `mkfs` a ciki, masu iya shafe bayanai.

Wannan ɗabi'a ta lura da ƙaramin abu ta taɓa ceton duniyar Linux baki ɗaya. A Maris na 2024 Andres Freund, injiniya mai aiki a kan PostgreSQL, ya ga shiga ta SSH a na'urarsa ta gwaji mai Debian tana cin ƙarfin sarrafawa fiye da kima, tana kuma jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Bai ɗaga kafaɗa ya wuce ba, ya bi sawu har ya isa xz, manhajar matse fayiloli, inda ya tarar an dasa ƙofar baya a zubi na 5.6.0 da 5.6.1. Wanda ya dasa ta ya shafe fiye da shekara biyu yana ba da gudummawa har aka amince da shi. Freund ya sanar a ranar 29 ga watan, lokacin da zubin bai wuce tsarukan gwaji da masu saurin sabuntawa ba. Kayan aikin da ya yi amfani da su a buɗe suke ga kowa.

Akwai dai wurare biyu da karatun rahoto ke kaiwa iyakarsa. Na farko shi ne na'urar da aka tabbatar baƙo ya sami ikon root a kanta. A nan rahoton kansa ba abin yarda ba ne, `ps` da `ls` ma ana iya sauya su su ɓoye abin da aka dasa, don haka sai a ware na'urar daga sadarwa, a ɗauki hoton faifanta don bincike, a gina sabuwa daga tushe mai tsabta, a sauya duk kalmomin sirri da mabuɗan da suka taɓa zama a kanta.

Na biyu shi ne ƙarfe. Idan manhajoji daban-daban da ba su da alaƙa suna faɗuwa ba tsari, a gwada RAM da Memtest86+ na tsawon dare. Idan `dmesg` ya fara nuna kurakuran karatu daga faifai, ko `smartctl -a` ya nuna sassan da aka sauya wa wuri ko masu jiran sauyi suna ƙaruwa, faifan yana mutuwa, kuma kowane karatu na iya zama na ƙarshe. Gudanar da `fsck`, mai gyaran tsarin fayil, a kansa a wannan hali kuskure ne, domin zai tilasta masa aiki mai nauyi ya kuma yi rubutu a inda ya riga ya raunana. Abin yi shi ne a daina amfani da shi nan take, a tashi na'urar daga filashi, a kwashe shi zuwa lafiyayyen faifai da `ddrescue`, wanda ke fara ɗaukar sassa masu kyau ya bar masu wuya zuwa ƙarshe yana ajiye taswirar inda ya tsaya. Gyaran tsarin fayil a kan kwafin ake yin sa, tsohon faifan kuma a ajiye shi gefe har sai an buɗe fayilolin da aka kwaso an tabbatar suna karantuwa.